Mutum Ɗaya Mai Cin Girkin Nang Pemya

A tsibirin Tabugon kaf babu macen da ta kai Nang Pemya iya girki, amma da wuya ka sami wanda zai shaida maka haka da harshensa. Fiye da shekara ashirin ke nan, in ka cire ita da 'yarta, mutum ɗaya tak ne yake sa girkinta a baki. Sauran sai dai su ci da hanci. In ta ɗora kifi da madarar kwakwa da citta, ƙamshin sai ya bi layin gidaje har bakin ruwa, mutane su haɗiye yawu, su shafa 'yar kwalbar da ke ɗaure a ƙugunsu, su ƙara sauri.

Kwalbar nan man kwakwa ne a ciki da 'yan saiwoyi. Wai in mai zuba wa mutane guba na kusa, man zai tafasa ya yi kumfa. Mutanenmu sun fi yarda da ita a kan likita. Ba a taɓa ganin ta tafasa a ƙofar Pemya ba ko sau ɗaya, amma wannan bai dami kowa ba. Cewa suke yi ai ƙwarewa ce ta yi.

Eufemia ne sunanta na coci, Nang kuwa kiran girmamawa ne da ake yi wa babbar mace. Daga tsibirin Sikihor mijinta Kleto ya auro ta, kuma mutumin Sikihor ko ruwan sha ya miƙo maka sai wani ya taɓa ka a gwiwar hannu, don an ce garin masu sammu da guba ne. Da baƙin jininta ta sauka daga kwalekwale. Amma a shekarun farko hannunta ya ƙwace ta. In ruwa ya ja, ta ɗau bokiti da 'yar wuƙa ta bi mata tsintar katantanwa da kaguwa a kan duwatsu, in ta dawo ta mai da abin da kowa ya tsinta ya zama abin da ba kowa ya iya ba. Har bikin waliyyin gari aka fara kiranta ta riƙe babbar tukunya.

Kleto ɗan nutso ne. Shi da wansa Tituy, da ake kira Noy Tituy don girmamawa, kwalekwale ɗaya suke shiga, su sa tabaraun itace su nutsa neman katantanwa masu ado, waɗanda fatake ke zuwa saye daga birnin Sebu. Dokar kwalekwale ɗaya ce, kuma ko yaron goye ya san ta: duk abin da aka ciro daga ruwa, bokiti ɗaya yake shiga, sai an sauka a raba. Wanda ya ɓoye ko wuri ɗaya, ya gama shiga kwalekwalen kowa, kuma sunan zai bi 'ya'yansa. Kleto kuwa shi ake ba da misali da shi. In ana faɗan rabo, shi ake kira ya raba.

Ranar da abin ya faru, rana tsaka ya shigo gida. Bai shanya jiƙaƙƙen wandonsa a igiya ba kamar kullum, sai ya naɗe shi ya cusa bayan randa. Pemya ta gani, ta yi niyyar magana, kukan jaririyarsu Merlita ya ɗauke mata hankali. Ta zuba masa tsakin masara da miyar zogale da kifi, ya zauna a bakin ƙofa yana ci. Maƙwabciyarsu Nang Gorya na tsaye a jikin shinge tana neman aron turmi.

"Day, me kika sa a miyar nan?" in ji Kleto, da kiran da ake yi wa mace a tsibirin. "Leɓena ya yi nauyi."

Wannan tambayar ita ta kashe Pemya da rai, don a kunnen Gorya aka yi ta.

Loma ta gaba hannunsa bai kai ta baki ba. Fatar idonsa ta riƙa saukowa yana ɗaga ta da yatsa. Maganarsa ta koma kamar ta wanda ya sha bammi ya ƙoshi, daga nan ta ɗauke gaba ɗaya. Yana kallonta, yana jin duk abin da ake cewa, amma ko yatsan ƙafa ya kasa motsawa. Ta ɗaga rigarsa tana shafa masa mai a ciki, ta ga wani ɗan tabo ƙasa da cibiya, kamar cizon sauro, ba ta ma sa shi a lissafi ba. Kafin a tura kwalekwale zuwa asibitin babban gari, numfashi ya ƙare masa. Babu rauni, babu jini, ga kwano a gabansa da rabin abinci.

Gida ya cika da kuka. Pemya ta je bayan randa ɗebo ruwa, ƙafarta ta taɓa wandon, ta ji nauyi. Ta warware naɗin ƙugun da tsinken kwakwa. Sai ga katantanwa, tsawon tafin hannunta, irin wadda fatake ke kira mai taswira saboda zanen bayanta. Da ranta. Siririn bakinta ya fito yana lilo yana laluben abin da zai harba. Babu ɗan tsibirin da bai san ta ba. Ita ce mai harbin kifi ya sandare ta haɗiye shi, ita ce ake hana yara ɗauka ko ta gindi, balle a ce mutum ya manna ta a fatar cikinsa. Kleto ya san wannan sarai. Sauri ne ya rufe masa ido, saurin mai ɓoye abu.

Nan take ta gane abu biyu: abin da ya kashe mijinta, da abin da mijinta ya yi. Jinkar ɗakinsu ta daɗe tana yoyo a kan shimfiɗar jaririya, kuma irin wannan babbar, marar tsaga, fatake na rububinta. Ta tura ta cikin gwangwani da tsinke, ta binne a yashi bayan ɗaki.

Washegari, ana cikin zaman makoki, Noy Tituy ya same ta a madafa.

"Day, ina wandon da ya yi nutso da shi? Ina jin wuƙata na ciki."

Wandon nan ko aljihu ba shi da shi. Ta miƙa masa. Bai kaɗa shi ba kamar mai neman wuƙa. Yatsunsa ya bi da su kan naɗin ƙugun, daga wannan gefe zuwa wancan, a hankali, da ɗar-ɗar. Ya miƙo mata ya ce ta yiwu a ruwa ta faɗi. Bai yarda sun haɗa ido ba.

Me ya hana ta magana a lokacin? Mutane na saurin tambayar nan, kamar su da sun iya. Gawa na kwance a tsakar ɗaki, dattawa na ta cewa an yi rashin mai gaskiya, ita kuma ta miƙe ta ce ga abin da ya sace wa ɗan'uwansa? Ta bar jaririya da sunan 'yar mai ɓoyo? Ta ɗauka surutun guba zai bi kwanakin makoki ya wuce. Bai wuce ba. Ranar addu'ar arba'in ta yi girki tukunya uku, mutane suka zo suka yi addu'a, kowa ya ce ya ƙoshi daga gida. Da ta farga, lokaci ya ƙure mata. In ta fito da ɓawon katantanwar yanzu, wa zai hana a ce jiya ta tsinto shi a bakin ruwa?

Haka rayuwarta ta koma. Aka daina kiranta bikin waliyyi. In ta je tsinta, mata su ja bokitansu gefe. Ta koma huda ƙananan katantanwa tana yin sarƙa tana sayar wa fatake, tunda sarƙa dai ba a ci. Merlita ta taso tana cin abincinta ita kaɗai a ƙarƙashin bishiyar makaranta. Pemya ba mai haƙuri ba ce, kada wani ya yi mata wannan ƙaryar. Ta zama mai tsiwa, mai kallon mutum har sai ya sunkuyar da kai. In ta ga mace na shafa kwalba, takan ce, "Girgiza ta da kyau, Nang, ko barci take yi."

Noy Tituy ne kaɗai bai guje ta ba. Kowace Lahadi in an taso daga coci zai zo ya zauna a kan matakalar ɗakinta, a fili, inda duk mai wucewa zai gan shi, ta zuba masa ya cinye tas. Ba ya shinshinawa, ba ya jira ta fara ci, ko kwalba ba ya ɗaurawa. Mutane suka yi ta jiran ranar da za a ɗauke shi a kwance, shi kuwa sai ƙiba yake yi. Da likita ya hana shi gishiri saboda hawan jini, ya ce ta rage, ta rage.

Wata macen da ta gode masa. Pemya ba ta gode ba, zarginsa take yi. Da fari ta ɗauka aurenta yake so, ta shirya masa amsa mai zafi, bai taɓa tayawa ba. Ta ce ko tausayi ne, amma ta san Tituy, mutumin da ko karensa ba ya tausayi. A garin da kowa ke tsoron tukunyarta, har da limamin coci mai cewa azumi yake in ta kai masa, me ya sa wannan ba ya tsoro? Wanda ba ya tsoro, wani abu ya sani. Duk Lahadi tana tsaye a bakin ƙofa tana kallon yatsunsa a cikin kwano, tana tuna su a kan ƙugun wando.

Sai Merlita ta girma, kuma duk samarin duniya ta rasa wanda za ta so sai Rufino, ɗan Nang Gorya. Yaron ya kafe, uwar ta yi kuka ta gaji, aka sa rana. Gorya ta zo da kanta, ta tsaya daga wajen shinge, murmushi har kunne.

"Mun yi shawara, Pemya. Ke uwar amarya ce, ba za mu bari ki wahala ba. Ki sa riga mai kyau ki zauna a kujera, girki mu za mu yi."

"Kujerar a ina za ku ajiye ta? Nesa da murhu?"

"Haba, ke dai ba a yi miki alheri."

"Akuyar fa? Uwar amarya ce ke dafa akuya. Uwata ta dafa tawa, taki ta dafa taki, duk da an ce ta ƙone."

Murmushin ya ɗauke. "Baƙi za su zo daga nesa. Ba na so a mayar mini da abinci. Kin gane ai."

Ta gane. Merlita ta ce wa uwarta, "Nay, ki bar su, yini ɗaya ne." Amma wannan yinin Pemya ba za ta iya barinsa ba. Ta haƙura da bikin waliyyi, ta haƙura da gaisuwar mata, ta haƙura da komai. A ce 'yarta ɗaya tilo za ta yi aure, ita tana zaune a kujera kamar baƙuwa, hannuwa a cinya, jama'a na kallonta suna sanin dalili? 

Lahadin da ta biyo, Noy Tituy ya zauna a matakala, ta miƙo masa kwano a rufe. Ya buɗe. Babu abinci, sai ɓawon mai taswira, tururuwa sun daɗe da cinye cikinsa, zanen na nan kamar jiya aka yi.



"Ga wuƙarka, Noy," in ji ta. "Na daɗe da tsinto ta."

"Day..."

"Ka gan shi yana cusawa."

"Na ga ya cusa wani abu." Muryarsa ta dushe. "Muna ƙasa tare. Da muka hau na ga bai sa komai a bokiti ba. Raina ya ɓaci. Ƙanina, ni na koya masa nutso. Na ce bari in yi shiru in ga ko zai fito da shi a bakin ruwa. Muka sauka, muka raba, ya kalli idona ya tafi. Na ce to, je ka da kunyarka."

"Da ka ji ya faɗi fa?"

"Sai na gane."

"Ka gane, ka zo ka lalube wando, ka koma ka zauna cikin masu kallona."

"Me zan ce? In ce na ga ƙanina ya sa abu a ciki na ƙyale shi? Ca za su yi ni na bar shi ya mutu. Na yi tunanin in suna ganin ina cin girkinki, za su gane ba komai."

"Sun gane mana. Sun ce shanye ka na yi."

 Ta sauko matakala ɗaya, ta tsuguna har fuskarta ta yi daidai da tasa.

"Abu ɗaya zan tambaye ka. Lokacin da yake cusawa, ka ga irinta?"

"Ruwa a gurɓace yake ranar, Day."

 Ranar Pemya tana kan duwatsu da safe kafin ta koma ɗora miya, kuma ta tuna ruwan. Garau yake, har ƙwayar yashi kana gani a ƙasa. Ko can inda suka nutsa daban ne? Ta yiwu. Ko shekaru sun rikita masa tunani? Ta yiwu. Tituy kuwa mutum ne da ke gane katantanwa daga inuwarta.

"Za ka faɗa a gaban mutane," in ji ta. "Ni ba za su yarda da ni ba."

"Sunan Kleto fa?"

"Kleto ya kwanta shekarun nan da suna mai kyau, ni ina yawo da mummuna. Ya huta haka nan."

Merlita ce Pemya ta fara gaya wa, suna zaune suna tsince shinkafa. Yarinyar ta juya ɓawon a hannu, ta yi kuka mai isarta. Uban da ba ta sani ba shi ne abin taƙamarta ɗaya a garin nan. Da ta share ido ta ce, "Nay, kin bar ni ina jin kunyarki tun ina ƙarama, saboda shi?" Pemya ta ci gaba da tsince shinkafa.

Safiyar biki, mata sun cika bayan gidan Gorya suna yankan albasa, maza na gefe suna juya alade a kan garwashi, an feɗe akuya an rataye. Sai ga Noy Tituy, Pemya na bayansa kamar mai kora saniya kasuwa. Ya ajiye ɓawon a kan teburin yanka, ya faɗi komai, idonsa a ƙasa. Maganar ruwa ce kawai bai taɓo ba, kuma babu wanda ya tambaya.

 Can wani tsohon ɗan nutso ya ce lallai nauyin leɓe da saukar fatar ido, ai harbin mai taswira ke nan. Wani ya ce da ma shi tun a lokacin ya yi wannan tunanin. Wata ta ce ita ba ta taɓa yarda da zancen guba ba. Kai, mutanenmu. Kafin albasa ta gama yankuwa, babu ko mutum ɗaya a Tabugon da ya taɓa zargin Pemya.

Gorya ce kaɗai ba ta yi wannan ƙaryar ba, a ba ta haƙƙinta. Ta ɗauki ɓawon ta duba bakinsa. Ta ciro kwalbarta a fili, ta ɗaga ta a rana, ta kai ta dab da hannun Pemya, ta jira. Man na kwance lumui. Ta mayar da ita ƙugu, ta zaro ludayi daga babbar tukunya ta miƙa mata.

"Akuyar tsohuwa ce, sai kin ba ta wuta," in ji ta.

Pemya ta ɗaura zane ta kama aiki. Da naman ya yi laushi, mata suka kewaye tukunya, kowa na jiran wata ta fara. Gorya ta ɗiba a cokali, ta hura, ta rufe ido kamar mai faɗawa rijiya, ta kai baki. Ta tauna, ta haɗiye, ta tsaya tana sauraron cikinta.

"Babu gishiri," in ji ta. "Ke da ake ta yabo?"

A nan Pemya ta fashe da kuka, ita da ko a makokin mijinta ba a ga hawayenta sosai ba. Shekarun nan duk bakin mutum ɗaya take yi wa girki, har hannunta ya manta gishirin sauran jama'a, kuma babu wani na waje da ya ɗanɗana balle ya gaya mata. Ta share fuska da gefen zane, ta ɗebi gishiri ta watsa.

An ɗaura aure, an dawo daga coci, aka ci akuya har ana kankare gindin tukunya. Waɗanda suka fi shafa kwalba su suka fi neman ƙari. Pemya na tsaye da ludayi, daɗi ya cika ta, haushi ma bai bar ta ba.

Noy Tituy na can ƙarshen benci shi kaɗai, an ɗan ja jiki daga gare shi. Ta ɗauko wata 'yar tukunya da ta ajiye a gefen murhu tun kafin ta ƙara gishiri, ta juye a kwano, ta kai masa da hannunta.

"Naka daban na dafa, Noy."

Ya kalli kwanon. Mutumin da bai taɓa shinshina girkinta ba, yau ya kalli kwanon ya kalle ta. Hannunsa ya tafi ƙugu, inda bai taɓa ɗaura kwalba ba.

"Me kika sa a ciki, Day?"

"Ban gani sosai ba," in ji ta. "Hayaƙi ya yi yawa a madafa."

Ta tsaya a kansa tana jira, shi kuma ya ɗauki cokali ya ajiye. Ana kiɗa, ana rawa, ana liƙa wa amarya kuɗi a riga, naman ya huce a gabansa har kitse ya daskare. Da aka watse Merlita ta juye wa karen Gorya, ya cinye ya lashe kwano, ya kwana lafiya ya tashi lafiya.

Ranar Lahadi Pemya ta dafa nasa kamar kullum, gishiri kaɗan, ta rufe ta ajiye a kan matakala. Mata biyu suka biyo daga coci suna tambaya ko akwai saura a tukunya, ta zuba musu. Noy Tituy bai zo ba, kwanon matakala yana nan a rufe har rana ta karkata, sannan ta ɗauke shi ta shiga da shi ɗaki.